Amsa ga mai tambaya kan tsohuwar nan Bamenoniya mai tarin jikoki

'Yar'uwa, kin sa hoton wata tsohuwa 'yar ɗariƙar Menonait da ta haura shekara 90, zagaye da jikoki da tattaɓa-kunne, kina tambaya ko akwai wani abinci ko magani da ke ja musu kwana. Na zauna a yankin Waterloo na lardin Ontariyo a Kanada, kusa da garin Elmira, inda suke da yawa, to bari in faɗi abin da idona ya gani.

Kiristoci ne. Tafiyarsu ta faro a Zurik ta ƙasar Suwizalan a 1525, sunan kuma daga Menno Simons ya samo asali, wani limami ɗan Holan da ya bar cocin Katolika a 1536. Tsanantawa ce ta kore su daga Turai, rukunin farko ya sauka Fensilbaniya ta Amurka a 1683, daga can wasu suka hau Ontariyo wajen 1800. Ba dukansu ke rayuwar da ba. Masu riƙon tsohuwar hanya su ne kike gani a keken doki, matansu da farar hula da doguwar riga marar ado.

Akwai wata iya da nake sayen ƙwai da zumar itacen mafil a ƙofar gonarsu. Ta tsufa sosai, bayanta ya ranƙwafa, amma ban taɓa samunta hannu sake ba. Ko tana ɓare wake a kwano bisa cinyarta, ko tana dafa tuffa ana durawa a kwalabe don lokacin sanyi, ko tana haɗa ƙyallaye tana ɗinka bargo da allura, 'yan jikoki mata biyu a gefenta suna zura mata zare saboda idon ya yi rauni. Abincinsu kuwa ba wani sirri: dankali, nama, madara, man shanu, kayan lambu. Mai da zaƙi ma sun yi yawa a ciki.

Abin da na fi yarda shi ne dalili, tsarin gidan ne. Idan iyaye suka manyanta, sukan miƙa gona ga ɗa guda, sau da yawa ɗan auta, su koma wani ɗan sashe da aka gina manne da babban gida. Tsohuwar tana da ƙofarta da murhunta, ba ta takura wa suruka ba, amma kukan jariri na iso mata ta bango. Ana neman shawararta, ana ba ta aiki daidai ƙarfinta. Idan ciwo ya kwantar da ita, 'ya'ya mata da maƙwabta ke karɓa-karɓa wajen jinya, kuɗin asibiti kuma jama'ar coci na tallafawa. Ko ɗakin dabbobi ne ya ƙone, gayya suke yi irin tamu, cikin 'yan kwanaki sun tayar da wani.

Kada dai hoton ya sa ki ɗauka hutu ne. Matan nan sun sha wahala: haihuwa a kai a kai, tatsar shanu da asuba cikin ƙanƙara, karatun boko kuma a aji 8 yake tsayawa. Ba kowacce ke kaiwa 90 ba, kwana na Allah ne. Amma wadda ta kai, a tsakiyar iyalinta take kaiwa, ana kiranta ana jin muryarta.

In kina da tsohuwa a gida, ki daina karɓe mata tsintsiya da faifai da sunan tausayi. Ki bar mata ɗan aikin da take so, ki tura mata yara su zauna da ita.