Kwaso kayan gida daga Legas zuwa Kano

Ka ce wani malami da ke zaune a Agege zai komo Kano da iyalinsa, ɗaki biyu da falo, ya tambaye ka wace hanya ce ta fi sauƙin kuɗi, kai kuma ka rasa abin faɗa masa. To, ɗana, zauna ka ji.

Kafin ka ambaci mota, fara duba inda kayan suka dosa. Shi wannan malamin ya yi sa'a, don arewa zai yi. Kullum manyan motoci na sauke tumatir da albasa da tattasai a kasuwar Mile 12, na shanu kuma suna saukewa a Oko-Oba, nan kusa da shi. Direban da ya sauke bai son ya kamo hanyar kusan kilomita 1,000 da bodi wayam, ga gas yana ci. Irin wannan shi ake nema. Kuɗin zuwansa ya riga ya fita a kayan gwari, abin da ka ba shi na komawa riba ne, shi ya sa zai sassauta maka yadda mai shata ba zai taɓa yi ba. Da a ce daga Kano zai tafi kudu, da maganar ta sauya, domin a Dawanau da 'Yankaba lodi ne ke jiran mota.

Amma fa ka hau bodin da kanka ka duba. Motar da ta sauke shanu, in ba a wanke ta sosai an shimfiɗa tampol ba, warin sai ya kama katifa da kujerun kushin, uwargida kuwa ba za ta yafe maka ba. Ta albasa ta fi dama-dama. Sannan irin wannan direban ba shi da ranar isowa. Yana iya tsayawa Ibadan ko Ilori neman cikon lodi, in hanyar Mokwa ta cushe kuma sai haƙuri.

Shatar ƙaramar mota irin Kanta ko J5 ita ce mai tsada, tunda zuwa da komowa duk a wuyan mai kaya suke. Amfaninta, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, ɗauka ɗaya saukewa ɗaya. Mutane na mantawa da cewa babbar mota ba ta shiga lungun Ƙoƙi ko Yakasai. A bakin titi za ta zube kayan, ka biya 'yan dako, ka biya a-kori-kura, a wannan juye-juyen ne madubin sif ke tafiya. In ka haɗa lissafin, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba. Ni in kayan akwai gilashi da yawa, shata nake ba da shawara, ko su haɗu gida biyu su raba kuɗin.

Lagzoriyas mai zuwa Sabon Gari kuwa ta akwati ce da Gana-mas-go da 'yar talabijin. Da ƙunshi-ƙunshi ake biya, ba ta gado ba ce.

Abin da masu kaya ba sa son ji shi ne a rage. Tsohon sif na katakon burodi, wanda ko ɗaki aka sauya masa sai ya ɓare, kuɗin ɗaukarsa ya fi shi daraja. Ya sayar a can. Gado a kwance shi, a zuba notinansa a leda a ɗaure jikin ƙafarsa. Tangaran a naɗe shi da zannuwa a cusa cikin manyan tukwane. Firij a tsaye zai hau, in an sauke a bar shi ya huta kafin a jona. Kada ya saka buhun shinkafa 'yar waje a ciki, kwastam za su tsayar da motar gaba ɗaya.

Ka ce masa a yi cinikin a gaban shugabannin tasha, a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da lambar mota, a fayyace wa zai biya kuɗin shingayen hanya. Rabi a hannu, ciko sai an sauke an ƙirga. In da ƙaninsa da zai bi motar, ya bi. Jeka kira shi ka ji ko firij ɗin nasa babba ne, kafin mu nemi direba.