Ga mai tambaya ko har yanzu mu Hausawa ne a Bermeo

Malam, ka aiko daga Kano kana tambayar abin da ya kai Bahaushe garin masunta a arewacin Sifaniya, da kuma ko 'ya'yan da muka haifa da matan Baskawa, wato ƙabilar wannan yanki, za su amsa sunan Hausawa. Teku ce ta kawo mu. Tun shekarun 1950 jiragen kamun kifin tuna na Bermeo suke sauka gaɓar Afirka ta Yamma, suna sauke kaya a Dakar da Abidjan, kuma a tashar Abidjan ne mahaifina, wanda iyayensa suka taso daga Maraɗi, ya samu aiki a ɗaya daga cikinsu.

Ya kamata ka san irin mutanen da muke zaune cikinsu kafin ka yanke hukunci. A ƙarni na 16 kakanninsu suna ƙetare Atilantika zuwa Red Bay da ke Labrador ta Kanada, suna farautar wel, ƙaton kifin teku, suna narka kitsensa su cika ganguna da man da Turai ke kunna fitila da shi. Jirginsu San Juan ya nutse a can a 1565, ba a gano shi ba sai 1978, kuma har yau hoton wannan kifi yana kan tambarin garinmu. Sun kuma ɗanɗani ɗacin baƙunta, domin a 1615 an kashe musu mutum 32 a tsibirin Ayislan da ke arewacin Turai bayan jiragensu sun tarwatse, kuma sai a 2015 aka soke umarnin da ya halatta kisan. Saboda haka surukina, tsohon masunci, bai taɓa tambayata dalilin barin gida ba, sai dai ya tambayi ko zan iya riƙe 'yarsa.

Maganar auren ce take mini ciwo, domin kuna yin ta kamar mun sayar da addini. Matata ta fitar da naman alade da giya daga gidanmu tun kafin a ɗaura aure, an raɗa wa 'ya'yanmu suna ranar bakwai tare da yanka rago, kuma muna zuwa Bilbao sallar Idi. A tsibiran Saint-Pierre da Miquelon, kusa da Kanada, jikokin masuntan Bask sun daɗe da rasa harshensu, amma suna bikin Baskawa duk shekara, kuma a nan ban ji wanda ya cire su daga dangi ba. Mu kuwa da muka riƙe Hausa, duk zuwanmu gida sai an gwada mu da gaisuwa.

Ba zan ɓoye maka ba, Hausar yara tana rauni. Makaranta da Baskanci ake yi, titi da Sifaniyanci, kuma tun rasuwar mahaifina autarmu ba ta da wanda take jin kunyar amsa masa da wani harshe, ni kuwa rabin shekara ina kan teku.