Ku Tambaya, Mu Amsa: Hasashen Gwarazan Besbol Kafin A Yi Jifar Farko

A ƙarshen watan Maris ake buɗe kakar besbol ta Amurka, wato gasar MLB mai ƙungiyoyi 30, 15 a rukunin American League, 15 a National League. Wasiƙun da suka taru mana daga cikin birni a wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke: wa zai ɗauki kyauta a kakar 2026, kuma ta yaya ake ganewa tun kafin a fara?

Assalamu alaikum. A majalisarmu an yi ta musu, wasu sun ce magoya baya ne ke zaɓen gwarzon shekara ta intanet, wasu sun ce kociyoyi ne. Wane ne da gaskiya? (Mai shagon gyaran waya, Farm Centre)

Wa'alaikumus salam, Malam. Duk ɓangarorin biyu sun faɗi. 'Yan jaridar da ke bin wasan ne ke zaɓe, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta BBWAA. Kowace kyauta a kowane rukuni mutum 30 ke jefa mata ƙuri'a, biyu daga garin kowace ƙungiya. Gwarzon shekara, wanda ake kira MVP, biyu ake yi, kowane rukuni da nasa. Haka ma kyautar Cy Young ta masu jifa (masu jefa wa mai bugu ƙwallo), da ta sabon ɗan wasa, da ta koci.

A takardar MVP mai zaɓe yana jera mutum 10. Na farko maki 14, na biyu 9, na uku 8, a haka har na goma mai maki 1. Tazarar nan ta maki biyar tsakanin na ɗaya da na biyu ita ce ke yanke hukunci. A 2025 Aaron Judge na New York Yankees ya samu ƙuri'ar farko 17, Cal Raleigh na Seattle ya samu 13, aka tashi maki 355 da 335. Da mutum uku kacal sun sauya ra'ayi, da kyautar ta tafi Seattle.

Abin da 'yan majalisarku za su riƙe shi ne, ana miƙa ƙuri'a kafin a fara wasannin sili-ɗaya-ƙwale na Oktoba, ko da yake sai Nuwamba ake sanar da sakamako. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yakan ɗauka cin kofi na ƙara wa ɗan wasa daraja a zaɓen. A nan ba ya shiga lissafi ko kaɗan. Wasanni 162 na kaka kawai ake dubawa.

Ina son in riƙa yin hasashena da kaina, ba in kwafi na wasu ba. Daga ina zan fara, kuma wane adadi ya fi muhimmanci? (Ɗalibi, Kabuga)

Ƙanenmu, fara da tambayar da kowa ke tsallakewa: wasa nawa mutumin nan zai buga? Hasashe da yawa a nan yake mutuwa, ba a wajen ƙwarewa ba. Judge ya yi hom-ron (bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili) 62 a 2022, kowa ya sa shi gaba a shekarar da ta biyo, sai ya bugi katanga a filin Dodgers a watan Yuni, ya ji ciwo a babban yatsan ƙafa, ya ƙare kakar 2023 da wasa 106. Ronald Acuña na Atlanta ya ɗauki MVP a 2023 da hom-ron 41 da satar tasha (rugawa zuwa tasha ta gaba yayin da ake jifa) 73, a watan Mayun 2024 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare ke nan. Don haka buɗe shafin ɗan wasa a Baseball-Reference, ka duba yawan wasanninsa na shekara uku da suka wuce. Wanda bai cika wasa 140 ba a biyu daga cikinsu, ka rage masa daraja komai sunansa.

Sai lissafin ƙwazo. Kada ka dogara da kakar bara ita kaɗai. Akwai wata hanya mai sauƙi da masu hasashe suka daɗe suna amfani da ita: ka ninka adadin bara da 5, na bara waccan da 4, na wadda ta gabace ta da 3, ka haɗa, ka raba da 12. Ɗan wasan da ya yi hom-ron 40 bara, 30 kafin nan, 20 kafin wannan, lissafinsa 200 da 120 da 60, jimilla 380, a raba da 12 ya ba ka kusan 32. Ka ga ba 40 ba ne. Daga nan ma sai ka ɗan ja shi ƙasa, domin duk wanda ya yi kakar da ta fi ƙarfinsa, akwai rabon sa'a a ciki, kuma sa'a ba ta zama wuri ɗaya. Manyan na'urorin hasashe irin su ZiPS da Steamer, da ake gani a shafin FanGraphs, da PECOTA, duk a kan wannan tunanin aka gina su, sai dai sun fi zurfi.

Akwai wurin da ake kama sa'a da hannu. Cikin ƙwallayen da aka buga suka faɗa cikin fili, kusan uku cikin goma ne ke zama bugu mai kyau ga matsakaicin ɗan wasa. Wannan adadin ana rubuta shi BABIP. In ka ga wanda ya saba .300 ya tashi zuwa .380 a kaka guda, alhali bai ƙara ƙarfin bugu ba, bai ƙara gudu ba, to ka sa ran zai sauko.

Shekaru ma suna magana. Mafi yawan masu bugu suna kan ganiyarsu ne daga 26 zuwa 29. Bayan 32, gudu da tsaron fili ne ke fara tafiya kafin ƙarfin hannu. Sannan ka dubi filin gidansa. Filin Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da nauyi, ƙwallo na tafiya nesa, kuma masu zaɓe sun san haka, sukan rage wa ɗan wasan can lada.

Adadin da ya fi tasiri a yau shi ne WAR, wato yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da abin da ɗan cike-gurbi zai kawo. Yana haɗa bugu da gudu da tsaro da wahalar matsayin da mutum ke riƙewa. A taƙaice 2 ɗan wasa ne na yau da kullum, 5 tauraro ne, 8 zuwa sama zancen MVP ake yi. Amma ka lura, FanGraphs da Baseball-Reference ba hanya ɗaya suke lissafa shi ba, musamman ga masu jifa, don haka kada ka ɗauko na wannan ka gwada da na wancan. Tazarar da ba ta kai 1 ba kuwa, kunnen doki ce a wurinmu.

Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne labari, domin masu zaɓe mutane ne. Shohei Ohtani ya yi hom-ron 54 da satar tasha 59 a 2024, bai yi jifa ko ɗaya ba, bai tsaya tsaron fili ba, amma ba a taɓa ganin mai hamsin da hamsin ba, ƙuri'u 30 duka suka tafi gare shi. Wannan ba a hasashensa, sai dai a tambayi wa ke da ƙarfin yin abin da ba a taɓa yi ba.

Na ga an ba Paul Skenes kyautar mai jifa alhali ya ci wasa 10 an cinye shi 10. Ashe ba son kai a ciki? (Malamar makaranta, Hotoro)

Babu, Malama. Nasarar da ake rubuta wa mai jifa ba aikinsa ba ne shi kaɗai. In ya hana abokan hamayya maki amma 'yan ƙungiyarsa suka kasa bugawa, shi ake rubuta wa faɗuwa. Skenes na Pittsburgh a 2025 ana cin sa maki 1.97 ne kacal a kowane zagaye tara, wato tsawon cikakken wasa, adadin da ake kira ERA, kuma masu zaɓe 30 duka shi suka sa a gaba. An daɗe da sauya wannan tunanin: Félix Hernández ya ɗauka a 2010 da nasara 13 faɗuwa 12, Jacob deGrom a 2018 da 10 da 9.

Ga mai hasashe, abu uku ake dubawa: yawan masu bugun da yake fitarwa da jifarsa, ƙarancin waɗanda yake bai wa tafiya kyauta zuwa tashar farko, da yawan zagayen da yake jurewa. Biyun farko sun fi ERA tabbata daga shekara zuwa shekara, domin ba su dogara da masu tsaron bayansa ba. Zagaye kuwa, sai an cika 162 ake shiga jerin ERA a hukumance. Corbin Burnes ya ɗauka a 2021 da 167, kuma an yi ta ce-ce-ku-ce a kai, saboda haka wanda ba ka ga alamar zai kai 170 ba, cire shi. Masu jifan da ke shigowa rufe wasa ma cire su, rabon da ɗayansu ya ɗauka tun Éric Gagné a 2003.

Wannan ce kyautar da ta fi wuyar hasashe, dalilin kuma gwiwar hannu ce. Jifa mai gudun kilomita 155 zuwa 160 a awa tana cin wata jijiya da ke cikin gwiwar hannu, in ta yage sai tiyatar da ake kira Tommy John, jinyarta wata 12 zuwa 18. Sandy Alcántara ya ɗauki kyautar a 2022, bai yi jifa ba a duk 2024. Gerrit Cole ya ɗauka a 2023, ya rasa 2025 gaba ɗaya. Idan a wasannin share fage na Fabrairu da Maris kika ji an ce mai jifa na kukan ɗaurewar damtse, ko gudun jifarsa ya ragu da kilomita uku ko huɗu, ki sauya hasashe tun da wuri.

Wa ake kira sabon ɗan wasa? Na ga wani ya buga bara amma har yanzu ana sa shi a jerin sababbi. (Mai karatu, Sabon Gari)

Akwai iyaka uku. Muddin bai wuce bugu 130 ba, ko zagayen jifa 50, ko kwana 45 a jerin 'yan wasan babbar ƙungiya a kakannin baya, to sabo ne. Shekarun haihuwa ba sa ciki. Ichiro Suzuki ya zo daga Japan yana ɗan 27, ya haɗa kyautar sabon ɗan wasa da MVP a 2001.

A nan tambayar ba wa ya fi hazaƙa ba ce, wa ke da gurbi ce. Ƙungiyoyi kan ajiye yaro a ƙaramar gasa na 'yan makonni don su ƙara shekara guda ta mallakarsa. Yarjejeniyar 2022 tsakanin MLB da ƙungiyar 'yan wasa ta rage wannan ɗabi'ar, domin ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen matashi kuma ya ɗauki kyautar tana samun ƙarin gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa, kamar yadda Seattle ta samu ta hannun Julio Rodríguez. Duk da haka makara ba ta hana ci. Skenes sai a watan Mayun 2024 ya fara, Nick Kurtz na Athletics an ɗauko shi ne a Afrilun 2025, ya yi hom-ron 36, kuma dukansu sun ɗauki kyautar. Roki Sasaki kuwa da aka fi ambata kafin kakar 2025, kafaɗa ta zaunar da shi tun watan Mayu. Ka fifita mai bugu a kan mai jifa, domin ana taƙaita wa matasan masu jifa aiki don kare hannunsu.

Ɗan ƙungiyar da ba ta taɓuka komai ba zai iya zama gwarzo? (Direban a-daidaita-sahu, Kurna)

Zai iya, Malam, amma sai ya yi wa kowa fintinkau. Mike Trout ya ɗauka a 2016 ƙungiyarsa ta Angels na da nasara 74 faɗuwa 88. In an yi kankankan, ɗan babbar ƙungiya ake bai wa. Kyautar koci kuwa akasin haka take: sau da yawa wanda aka raina ƙungiyarsa a Maris ta ba da mamaki shi ke ɗauka, don haka hasashenta tamkar cewa ne kowa ya yi kuskure.

Da ƙarfe nawa ake kallo a nan Kano, kuma za ku ba mu sunayen da za mu zuba kuɗi a kai? (Mai karatu, Zoo Road)

Na biyun ba ma yi. Caca ba sana'ar wannan shafi ba ce, kuma duk wanda ya karanta amsoshin da ke sama ya ga yadda yatsa ɗaya ke rusa lissafin shekara. Lokaci kuwa, a lokacin kaka Kano na gaban New York da awa biyar. Wasan ƙarfe bakwai na yamma a can sha biyun dare ne a nan, na Los Angeles sai uku na dare. Mafi sauƙi shi ne wasannin rana na Lahadi, da ke farawa wajen shida na yamma agogonmu. Tun da aka sa wa masu jifa agogo a 2023, wasa ya dawo kusan awa biyu da minti arba'in, ana gamawa kafin tara.

Kun yi ta bayani. To ku wa kuka zaɓa? (Ɗan kasuwa, Kantin Kwari)

Alhaji, ba za mu noƙe ba. A National League Ohtani ne, kuma ba mu ga na biyunsa kusa ba. Ya ɗauka sau huɗu, 2021, 2023, 2024 da 2025, duka ba hamayya, Barry Bonds mai bakwai ne kaɗai ya fi shi. Yanzu da ya koma jifa, ladan aikin mutum biyu ake rubuta masa. Haɗarin ma nan yake, an riga an yi wa gwiwar hannunsa aiki sau biyu.

A American League mun bar Judge, mun ɗauki Bobby Witt na Kansas City, wanda ya zo na biyu a 2024. Mun san Judge ya fi shi bugu nesa ba kusa ba. Amma an haifi Judge a 1992, Witt a 2000, Witt na riƙe da matsayi mafi wuya a tsakiyar fili, kuma da wuya ya rasa wasa. Mun zaɓi wanda muka fi amincewa zai kai Satumba lafiya.

Masu jifa: Skenes a National League. A ɗaya rukunin Tarik Skubal ya ɗauka a 2024 da 2025, kuma cin uku a jere Greg Maddux da Randy Johnson ne kawai suka taɓa yi, don haka mun karkata ga Garrett Crochet na Boston da ya bi bayansa a 2025. Sunan sabon ɗan wasa kuwa sai ƙungiyoyi sun fitar da jerin mutum 26 na ranar buɗe kaka, lokacin za mu ga wanda aka ba gurbi.