Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ya kalli Bajrangi Bhaijaan

'Yar uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce a fim ɗin Indiyan nan yaronki ya ga mai bautar Hanuman, abin bautar Hindu, ya ɗauki bebiyar yarinya Musulma har Pakistan wurin uwarta, sai ya tsare ki da tambaya: to shi me ya sa aka hana shi shiga gidan maƙwabtanku Kirista? Kika rasa ta cewa.

Ni fim ɗin Bombay na 1995 ne ya fama min ciwo. Wurin da 'yan tarzoma suka ritsa wasu yara tagwaye, uwa Musulma uba Hindu, suka jiƙa su da mai suna tambayar addininsu. Nan na kashe fim ɗin.

Shekarata tara lokacin rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, muna Kakuri. Baban ƙawata, Kirista, shi ya ɓoye mu a uwar ɗakinsu kwana biyu. Amma wanda ya nuna gidanmu aka cinna wuta, mai shagon bakin layi ne. Mutumin da kullum yake ba ni alawa kyauta yana kirana amaryarsa! Ta taga na ji muryarsa, ba wani ya ba ni labari ba. Mahaifiyata ta toshe min baki har leɓena ya fashe. Har yau in na ji ƙaurin taya, muryar nan ce ke dawo min. Na yi ta cewa na yafe, zuciyar ta ƙi.

A fim, daga ƙarshe sai a riƙe hannun juna a yi waƙa. Mu Tudun Wada muka koma, ban ƙara ganin ƙawata ba. Ba a yi shekara ba na iya cewa "arna", a bakin manya na tsinta. Wannan ɓangaren ne 'yan fim ke tsallakewa.

Kar ki hana shi kallo, ki zauna kusa da shi. Bombay dai ki bari ya girma. In da dalilin hana shi shiga gidan maƙwabtan, kare ne ko giya, faɗa masa shi ƙarara, kar ki ce "ba irinmu ba ne". Ke ma fa, kin taɓa leƙawa kun gaisa da matar gidan? Babbar Sallah in ta zo, shi za ki ɗora wa kwanon naman ya kai musu.