Tambaya da Amsa: Na biya jika 22 a gyaran babur, abokina ya biya jika 12

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Zariya a nan Maradi, kuma da babur nake zuwa aiki a wani ƙauye da ke kan hanyar Madarunfa. Kwanan baya babur ɗin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai na kai shi wurin bakaniken da na saba da shi. Ya buɗe inji, ya ce ya sauya fistan da ringi, an kai silinda wurin masu goge ta, ya yi bidanj, wato sauya baƙin mai, sannan ya karɓi jika 22, wato sefa dubu 22. Daga baya wani abokin aikina ya ce shi jika 12 ya biya a kan irin wannan aiki a wani garaji. Ba na son in zargi mutum ba tare da hujja ba. Ta yaya zan gane ko an cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Jimillar kuɗin da ka biya ba za ta gaya maka komai ba, haka ma jimillar abokinka, domin ayyuka biyu da ake kira da suna ɗaya a bakin garaji sukan sha bamban ƙwarai idan aka duba abin da aka yi a cikin injin. Kafin a ce bakanike ya yi adalci ko ya yi zalunci, sai an san ko aikin da ya yi ana bukatarsa, an san irin kayan da ya sa, sannan an ware ladan hannunsa daga kuɗin kayan. A ganina cutar da ta fi yawa a wannan sana'a tana cikin na farko da na biyu, alhali mu masu babura kan na uku muka fi yin ciniki.

Mu fara da hayaƙin, domin launinsa da lokacin fitarsa suna ba da labari. Baƙin hayaƙi alama ce ta cewa fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma a ƙasarmu mai rairayi da ƙurar hunturu abin da ya fi jawo haka shi ne toshewar matatar iska ko dattin karbirato, musamman ga mai sayen fetur na kwalba a bakin hanya. Wannan aiki ne na wanki da saiti, kuma duk wanda ya buɗe maka inji a kansa ya ci kuɗinka a banza. Hayaƙi mai ruwan toka da ya karkata zuwa shuɗi, wanda ke tafe da raguwar baƙin mai, shi ne ke nuna mai yana shiga inda ake ƙona fetur. A nan ma akwai hanyoyi biyu. Idan da safe ne kawai yake hayaƙin lokacin da aka tayar da shi, sannan ya ɗauke bayan injin ya yi zafi, an fi zargin robobin bawul, waɗanda kuɗinsu kaɗan ne. Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa duk lokacin da ka ba shi wuta, ƙarfinsa ya ragu a kan tudu ko cikin rairayi, kuma ƙafarka tana jin abin tayarwa ya yi laushi, to ringi sun cinye. Buji, wato fulogin da ke kunna fetur a cikin inji, shi ma shaida ne da kowa zai iya dubawa da idonsa: mai lafiya bakinsa a bushe yake da launin ƙasa-ƙasa, na injin da fetur ya yi wa yawa yana da busasshen baƙi kamar kunkunniya, na injin da ke shan mai kuma a jiƙe yake da maiƙo.

Bayanin da ka yi ya dace da lalacewar ringi, don haka buɗe injin bai zama abin zargi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne maganar silinda. Idan rairayi ya wuce matatar iska yakan kankare bangon silinda, kuma sababbin ringi a cikin silinda mai zane ba sa jimawa. Maganinsa shi ne a faɗaɗa ramin kaɗan a sa fistan mai girma daidai da shi, kuma irin wannan fistan ana buga lambarsa a samansa, 0.25 ko 0.50 na milimita, har zuwa 1.00. Wannan aiki yana da kuɗin mai gogewa da kuɗin sabon fistan da zirga-zirgar kai da karɓowa. Ka tambayi abokinka ko an taɓa silindarsa. Idan ringi kawai aka sauya masa, to tazarar da ke tsakaninku ta samu bayani, kuma mai yiwuwa shi ne zai riga ka komawa garaji.

Sai kayan gyara, inda lissafi ya fi rikicewa. Fistan na babur iri ɗaya, ko Kasea ne ko Haojue ko Boxer, ana samun na kamfani, da mai bi masa, da jabu wanda kwalinsa ke kwaikwayon na asali, ga kuma na kwance da aka ciro daga wani injin aka wanke. Bakanike marar amana ba ya bukatar ƙara maka ko dala a kuɗin aiki, ya ishe shi ya karɓi kuɗin mai daraja ta ɗaya ya sa maka mai daraja ta uku. Farashin kansa ba ya zama wuri ɗaya, domin kaso mai yawa na kayan da ke shagunan Maradi daga Kano yake fitowa ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kuma da naira ake sayo shi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, naira kuwa ta faɗi sosai tun daga watan Yunin 2023, sannan ƴan kasuwar Kano suna ɗaga farashinsu gwargwadon tsadar dalar Amurka. Iyakar Nijar da Najeriya ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma kowane karo kaya sun yi wahalar samu. Saboda haka farashin da wani ya biya bara ba hujja ba ne a kan na bana. Hujjar ita ce ka shiga shaguna biyu ko uku da sunan babur ɗinka da lambar fistan ɗin, ka tambayi kuɗin mai kyau da na mai bi masa a wannan makon.

Dangane da ladan hannu, ra'ayina na iya ɓata wa wasu masu karatu rai. Mutum ya yini a durƙushe cikin rana, ya kwance kan inji, ya daidaita sarƙar da ke haɗa motsin bawul da na fistan, ya saita bawul, ya mayar da komai ba tare da mai na zuba ba, amma idan ya faɗi kuɗin aikinsa sai mu ce ai ba abin da ya yi sai ɗaure noti. Shi ma yana da hayar wuri da abincin yaran da ke koyo a hannunsa da kayan aikin da ke lalacewa. Idan aka matse shi a nan, sai ya nemi abin da ya rasa a cikin kuɗin kaya, inda mai babur ba ya gani, kuma ta haka ne al'adar ɓoye riba ta samu gindin zama. Bakaniken da ya faɗi kuɗin hannunsa a fili, ko da ya ɗara na maƙwabcinsa, ya kuma ce ka je ka sayo kayan da kanka ko ku tafi tare, ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya ce kawo abin da ya sauƙaƙa. Idan shi ya sayo kayan, ɗan abin da mai shago ke rage masa ba laifi ba ne matuƙar bai faɗi maka farashin ƙarya ba.

Abin da ya kamata ka yi yanzu shi ne ka koma wurinsa cikin mutunci, ba a gaban jama'a ba, ka ce kana son ya rarrabe maka jika 22 ɗin nan domin ka rubuta: nawa ne fistan da ringi, nawa aka ba mai gogewa, nawa ne baƙin mai, wanda a irin waɗannan babura bai wuce kimanin lita 1 ba, nawa ne nasa. Mai gaskiya zai lissafa maka nan take, wataƙila har ya ɗauko tsohon fistan ya nuna maka zanen da ke jikinsa. Mai ɓoye wani abu yakan fara da fushi, ko ya ce an riga an sayar wa ƴan gwangwan. Gaskiya ne makanikai suna tara tsofaffin ƙarafa su sayar, shi ya sa a gaba tun kafin a kwance noti na farko za ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire tare da kwalin sabon, kuma idan an ga wata sabuwar ɓarna a ciki a kira ka a waya kafin a taɓa. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san lada kafin a fara aikin ƙwadago, kuma a mazhabar Malikiyya mai sana'a yana ɗaukar lamunin kayan da aka damƙa masa, don haka neman wannan bayani haƙƙinka ne, ba rashin yarda ba.

Injin ma zai ba da tasa shaidar. Ka tafi da shi a hankali a makonnin farko ba tare da kaya mai nauyi ko gudu ba, ka sake yin bidanj da wuri domin garin ƙarfen da sababbin ringi ke saki ya fita, ka riƙa duba ma'aunin mai da safe. Idan hayaƙi ya ɗauke kuma mai bai ragu ba, aikin ya yi. Idan ya dawo cikin ɗan lokaci, ka mayar masa, kuma bai kamata ya sake karɓar kuɗin hannu ba. In ya ƙi, shugaban makanikan wurin ko mai unguwa sukan sasanta irin wannan kafin a kai ga komisariya.

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne daga Tibiri. Idan na kai gyara sai maigidan ya bar wa yaronsa aikin, amma ya karɓi cikakken kuɗi. Wannan daidai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da kake saya shi ne aikin da maigidan ya tsaya a kansa da sunansa. Idan bidanj ne ko ɗaure sarƙa ko sauya birki, yaron da ya ƙware zai iya, kuma kuɗin bai kamata ya ragu ba, muddin maigidan ya duba ya kuma hau babur ɗin ya gwada kafin ya miƙa maka makulli. Aikin cikin inji da na waya kuwa, ka faɗa tun farko cewa hannunsa kake so, ka jira ko da zai kai ka gobe.