Lasisin jami'a daban, tantance kwas daban

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin karatu a wata sabuwar jami'a mai zaman kanta, kuma sun nuna mini takardar lasisinsu daga gwamnati. Shin wannan ya isa in saki jiki in biya kuɗin makaranta? Ƙanensa kuma kwalejin kimiyya da fasaha yake so, ni kuwa ban san bambancin HND da digiri ba.

Amsa: Malam, lasisin da aka nuna maka shaida ce cewa an yarda jami'ar ta buɗe ƙofarta, amma bai ce komai ba a kan kwas ɗin da ɗanka zai karanta. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, kwas-kwas take bi, shi ya sa za ka tarar jami'a ɗaya an amince da sashenta na lissafi, alhali sashen shari'a bai tsallake ba. Hukumar takan tura tawagar masana su duba yawan malamai da matakin karatunsu, da manhaja, da ɗakin karatu, da ɗakunan gwaje-gwaje. Daga nan ko a ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ko ta wucin gadi ta shekara 2 domin a gyara kurakurai, ko a hana shi gaba ɗaya, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Tun da jami'ar sabuwa ce, mai yiwuwa lokacin wannan tantancewa bai yi ba tukuna, don haka abin da za ka nema shi ne takardar da NUC ta ba su izinin fara wannan kwas ɗin da sunansa.

Idan likitanci ne ko shari'a ko injiniyanci, akwai wata ƙofar bayan ta NUC, domin hukumar MDCN ke da ta cewa a kan likitoci, hukumar COREN a kan injiniyoyi, Majalisar Ilimin Shari'a kuma a kan masu son zuwa makarantar horar da lauyoyi. A ganina nan ne iyaye suka fi yin sakaci, yaro ya gama shekara 5 ko 6 sannan a gano ba zai samu lasisin aiki ba.

Shi kuwa ƙanen, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna ce ke kula da makarantarsa. Zai yi ƙaramar difloma, wato ND, shekara 2, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya koma babbar difloma, wato HND, wata shekara 2. Mai HND yana zuwa bautar ƙasa kamar mai digiri, sai dai idan ya so yin digiri na biyu yawancin jami'o'i sukan ce sai ya fara da PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu.

Ka kuma tabbata gurbin ya biyo ta JAMB, domin wanda sunansa bai shiga rajistarta ba yakan sha wahala lokacin tafiya bautar ƙasa, wato NYSC. An ƙara tsananta bincike tun daga Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako 6, har ya shiga bautar ƙasa da shi.