Zakka da gidajen waɗanda ambaliya ta kora: na wane ne gidan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Tun ambaliyar 2022 akwai iyalan da gidajensu suka rushe. Sun zauna a ajujuwan firamare, da aka koma karatu suka warwatse, wasu a zauren 'yan'uwa, wasu a bukkar kara har yau. Wata ƙungiyar agaji daga waje, wadda ba ta Musulmi ba, ta ce za ta kawo siminti da kwanon rufi, mu kuma mu kawo fili da bulo da kayan ɗaki. Sun ce gidajen su zama na ƙungiyarmu, iyali su zauna shekara 5, in sun farfaɗo a sa wasu. 'Yan garinmu masu kasuwanci a Kano sun ba mu zakkarsu. Ya halatta mu haɗa hannu da mutanen nan? Kuma za mu iya zuba zakkar a aikin? Wani malami ya ce mana duk aikin alheri fi sabilillahi ne.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri. Wanda ya taɓa ganin magidanci yana rataye zani tsakanin bencina don ya suturta iyalinsa a cikin aji ba zai raina wannan aiki naku ba.

Haɗa hannun ya halatta. Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis, mai mulkin Masar wanda ba Musulmi ba, ya kuma yaba wa ƙawancen Hilful Fudul, wanda mutanen Makka suka ƙulla kafin Musulunci don taimakon wanda aka zalunta. Ku dai karanta takardar yarjejeniyar da kyau, kada a ce akwai sharaɗin da ya taɓa addinin mutane ko tarbiyyar 'ya'yansu. Na lura nan ne hankalinka ya fi tashi, alhali matsalar tana wurin da ka faɗa a gurguje: gidajen za su zama na ƙungiya.

Zakka haƙƙin talaka ce, sai ta bar hannun mai dukiya ta shiga mallakarsa sannan ta sauka daga wuyan mai ita. Haka Annabi (SAW) ya gaya wa Mu'azu da zai tura shi Yaman: a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Gidan da za a iya ce wa mutum ya tashi bayan shekara 5 aro ne aka ba shi. Saboda haka in an zuba zakka a bulon gidan da ƙungiya ta mallaka, ba ta faɗa inda Allah ya ce ba, kuma 'yan kasuwar nan da suka amince maka suna nan da bashinta a kansu.

Maganar malamin da ya ce duk alheri fi sabilillahi ne, ba shi ya fara ta ba. Imam Razi ya kawo ta a tafsirinsa daga Ƙaffal, cewa wasu malaman fiƙihu sun yarda a sa zakka a likkafani da ginin masallaci da makamantansu, amma bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Mazhabobin nan huɗu kuwa sun tafi a kan cewa gaɓar fi sabilillahi da ke cikin ayar rabon zakka ta masu yaƙi ce don ɗaukaka addini, sai dai Imam Ahmad da aka ruwaito ya shigar da aikin hajji. Dubi ayar kanta, ta 60 a Suratut Tauba. Ta buɗe da "innama", kalmar da ke killace abu, ta lissafa kashi 8, ta rufe da cewa farilla ce daga Allah. In gaɓa guda ta haɗiye kowane alheri, me ya sa aka ƙirga sauran bakwan? Ciyar da miskini alheri ne, biyan bashin wanda bashi ya danne alheri ne, da sai a ce fi sabilillahi kawai a yi shiru. A Mukhtasar ɗin da muka taso muna karantawa a zaure, Shehu Khalil ya halatta ba mayaƙi zakka har da kayan yaƙinsa, amma ya hana a gina ganuwar gari ko a sassaƙa jirgi da ita. Ganuwar da ke tsare rayukan gari duka ba ta samu shiga ba, ina ga gidan da ƙungiya za ta riƙe takardarsa? Kuma ka duba abin da wannan fatawa ke haifarwa a garuruwanmu. Mai kuɗi ya yi gini da zakkarsa, ya ci gaba da juya abin yadda ya so, ana yaba masa, talakan da Allah ya yanka wa rabo yana leƙe daga waje. Yau kwamitinku na mutanen kirki ne. Gobe fa, in shugabanci ya koma hannun wanda zai tashi bazawara da marayunta don ya sa ɗan ƙanensa?

Mafita tana nan, kuma ba wuya. Ku raba asusu biyu, kowane da littafinsa. Gidajen da za su zauna a hannun ƙungiya ku gina su da sadaka da gudummawa da kayan baƙin nan, ku mai da su hubusi, wato waƙafi, a rubuta a gaban dagaci da limami da shaidu, a faɗi waɗanda za su zauna da yadda za a canja su. Wannan sadaka ce mai gudana. Zakkar kuma ta tafi ga iyalan kai tsaye. A mazhabarmu ana ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi, kuma katifa da tabarma da gidan sauro da tukwane da randa duk suna cikin buƙatar shekara. Wanda yake da kangonsa, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, ya gyara da rabonsa, gidan nasa ne.

Amma kada ku je kasuwa ku jido katifu da zakkar kuɗi ku raba bisa ganin damarku. Abin da ya shahara wurin malamanmu Malikawa shi ne kaya ba sa tsayawa a madadin zakkar kuɗi. Ku damƙa wa mai gida rabonsa, ko ku gaya masa adadinsa, in ya so ya wakilta ku ku saya masa a sari. Ku tambayi matan gidan ma. Na san wata tsohuwa da aka kai wa katifa sabuwa fil a leda, ta jingine ta a bango, ta ce ita da tukunya da buhun gero aka ba ta.

Ladan magini da kuɗin mota kada su fito daga zakkar da sunan ku ne ma'aikatanta. Ma'aikatan zakka su ne waɗanda hukuma ta naɗa, kamar kwamitocin zakka na masarautu, kuma ina ba ka shawara ka sanar da na masarautar Haɗeja abin da kuke yi. Mahaifan mai zakka da matarsa da 'ya'yan da ciyar da su ke kansa ba sa cin zakkarsa, ka duba jerin sunayen da wannan ido.

Sauran gargaɗi biyu. Ƙungiyoyin nan suna son hoto don rahotonsu. A ɗauki ginin da kayan, a bar fuskar wanda bai yarda ba, domin gori yana ɓata sadaka. Sannan filin. Kun fi ni sanin yadda kogin Haɗeja ke yi in an saki ruwan madatsun Tiga da Challawa ga kuma ciyawar kacalla ta toshe masa hanya. Ku nemi tudu ko da ya fi tsada, ku ɗaga harsashi, ku tambayi dattawan da suka san inda ruwa ke bi.

Kai kuma, ma'aji, kafin ka taɓa ko naira ɗaya ka kira waɗanda suka ba ka zakkar ka gaya musu yadda za a raba ta. In akwai wadda ta riga ta shiga bulo, ku ƙirga ta, ku mayar da kwatankwacinta daga asusun gudummawa zuwa hannun iyalan. Allah ne mafi sani.